HANNUN DA YA HANA MAƘERI MUTUWA

Shafi na 31

Masu cika mini akwati da “ina ci gaba, ina ci gaba”, ga shi na kawo. Amma mai saurin kuka ya fara neman wurin zama.

*

Tun bayan sallar Juma'a da Hafsa ta saka shafin ƙarshe na Taron Dangi, wayarta ba ta huta ba.

Yau Asabar, babu lakkwal, makarantar da take koyarwa a rufe take, balle ta shiga aji ta ɓuya a bayan allo. Tana zaune ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gidansu na Babankatami, da faifan wake a gabanta. Mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta ce ta tsince shi kafin ta dawo daga barka. Ko tsakuwa ɗaya ba ta cire ba. Zagi take karantawa.

Taron Dangi labarin zane ne na yayanta Alƙasim, da amininsa Halidu na Buza, da Mahfuzu na Keita. Da can kowa da jaruminsa, kowa da masu binsa. Sai suka haɗa jaruman uku a labari guda, su yaƙi Dodon Ƙishi, wanda ke shanye rijiyoyin ƙasar Adar ɗaya bayan ɗaya. Shafi arba'in cur, Juma'a bayan Juma'a, mutum dubu shida na jira.

Kuma kowa ya san inda aka dosa. Maƙerin Tsawa, jarumin Alƙasim, zai shiga cikin dodon da tsawa a hannu, ba zai fito ba. Shi ake jira, har da masu tanadin hawaye.

To, ga abin da suka samu jiya. Maƙeri ya iso bakin dodo, ya tsaya, ya aje masabarsa, ya juya ya kama hanyar gida. Ruwa ya sauko da kansa, dodo ya narke. A zanen ƙarshe Maƙeri na zaune a tabarma, uwarsa na miƙa masa ƙwaryar fura.

Mutane kuwa suka yi ca.

“Sati arba'in muna ƙona megarmu ta intanet, ashe hura za shi sha?”

“Wallahi an ci amanarmu.”

“Alƙasim, in Libiya ta shanye maka basira ka dawo gida ka yi noma.”

Wata yarinya daga Madawa ta rubuta, “Ni dai na ji daɗi da ya koma wurin uwatai.” Aka taru a kanta kamar ita ta zana.

Hafsa ta kifa wayar a cinyarta. Ba ta ga laifinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa daga waje suke leƙe.

Sai ta ji ƙarar babur, moto ya tsaya a ƙofar gida.

“Salamu alaikum.”

Ta gane muryar.

“Wa alaikumus salam. Yaya Halidu, shigo.”

Halidu ɗan gida ne. Tare suka tashi da Alƙasim, a kwano ɗaya suka ci tuwon Inna, kafin ya koma Buza yana rubuta allunan shaguna da fenti. Duk zuwansa sai ya tsokane ta da “Madam sarkin bulala”. Yau bai tsokane ta ba. Ya shigo da jaka a rataye, ya zauna a kan turmin da ke kife, ya ɗora jakar a gwiwa ya riƙe ta da hannu biyu.

Ta kawo masa ruwa. Ya kurɓa kaɗan.

“Ina Inna?”

“Ta tahi barka gidan Malam Habu. Ƙaƙa hanya?”

“Lahiya lau.”

Ya mayar da ido kan jakar.

“In kan shahin jiya na,” in ji Hafsa, tana ƙoƙarin murmushi, “kai ma zagin kaz zo yi? Ka shiga layi, mutum dubu shidda na gabanka.”

Bai yi dariya ba.

“Hafsa, yaushe rabonki da magana da shi?”

“Da Yaya? Shekaranjiya.”

“Muryatai kinka ji, ko rubutu?”

“Rubutu. Ai ka san wurin da suke babu rezo mai ƙarhi, kira bai shiga.”

“Na sani. Haka yac ce min ni ma. Wata biyat ke nan rezon bai gyaru ba.”

Ta sunkuya ta fara tsintar waken da sauri, har da masu kyau take jefarwa.

Halidu ya ciro wayarsa, ya matso da ita gabanta.

“Duba nan. Shahi na bakwai. Ina ƙahwahun Maƙeri?”

“Suna cikin haki.”

“Na goma sha biyu hwa?”

“Bayan dutsi.”

“Na goma sha takwas?”

Ta kau da ido daga wayar.

“Cikin ruwa suke,” in ji shi. “Tun muna lakkwal Alƙasim bai iya zana ƙahwa ba. Huska ya iya, hannu ya iya, doki ma ya iya. Ƙahwar mutum ko, in yaz zana ta, awa dankali. Shi na dalilin da kullum shina ɓoye ta. Mun yi mai dariya har mun gaji.”

Ya shafa wayar, ya kawo wani shafi.

“Na ashirin. Ga Maƙeri tsaye bisa hwaƙo. Ƙahwa biyu, yatsu goma, har da ƙumba.”

Wake ya zube daga hannun Hafsa.

“Nic ce ma kaina, ai mutum na koyo. Ƙila Libiya ta koya mai. Kullum Juma'a ina ganin ƙahwahun ga, ina kau da kai.” Ya ɗago ya dube ta. “Wa ka zana Maƙeri, Hafsa?”

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Hafsa ta yi wata biyar tana tafiya a cikin nata, tana jin ƙarshensa na matsowa. Abin mamaki, da ta iso, sai ta ji wani sauƙi-sauƙi a ƙirjinta, irin na mai sauke tulu.

“Ni ta,” ta ce.

Halidu ya rufe ido.

“Tun yaushe?”

“Sati biyu kahin babbar salla.”

Daga nan maganar ta ɓalle mata. Dama yadda suke aiki ke nan tun da Alƙasim ya tafi ci-rani shekara uku da suka wuce. Halidu da Mahfuzu su turo nasu zanen a akwatin shafin. Alƙasim ya zana nasa a can, ya ɗauki hoto ya turo mata. Ita ke haɗawa, ita ke rubuta maganganun jarumai, don rubutunta ya fi nasu kyau, ita ke sakawa. Lambar sirrin shafin na hannunta.

Wata Alhamis zane bai zo ba. Ta kira, a kashe. Juma'a ta wuce babu shafi. Ta kira duk wanda ta sani a can, wani ya ce ya canza gari, wani ya ce bai san shi ba.

“Ka san Inna ba ta karatu,” in ji Hafsa. “Amma kullum Juma'a, in ta sallame, sai ta ce, kawo min hannun ɗan nan in gani. Ta riƙe tarho, ta yi ta dubawa. Ta ce, to, alhamdu lillahi, mai zane haka lahiyatai lau.”

Ta share hanci da bakin mayafi.

“Juma'ar da ba a saka ba, ba ta ci tuwo ba. Asabar jininta yah hau, sai da munka kai ta likita. Tana kwance tana tambaya ta, ya turo? Ya turo? Mi za ni ce mata?”

“Sai kinka zana.”

“Na ɗauko tsohin kayenai, littattahan zane da yab bari cikin akwati. Na yi ta kwaikwayo har hannuna ya kama. Na ce sati guda ɗai, kahin shi kira. Sati guda yaz zama biyu.”

“Yaz zama ashirin da ɗaya.”

“I.”

“Saƙonnin hwa? Wanda ka ba ni amsa cikin akwatin shahi?”

Ta sunkuyar da kai.

Halidu ya yi wata ƴar dariya marar daɗi.

“Ran da babana yar rasu, na rubuta mai. Na hwaɗa mai abin da ban hwaɗa ma kowa ba. Yab ba ni haƙuri, yac ce in riƙe ƙannena. Nic ce, kai, abokina ya yi hankali, ya iya magana. Ashe ke ta.”

“Ka gahwarce ni, Yaya Halidu.”

“Ba shi niz zo nema ba.”

“Na sani na ɓata muku aiki. Kai da Mahfuzu kun yi sati arba'in kuna gini, ni na rushe shi rana guda.”

“Ke kin san dokarmu.”

“Ba mai kashe jarumin wani, sai mai shi.”

“To, kin ga ko ba ki karya ta ba.”

“Wallahi na gwada kashe shi,” in ji ta, hawaye na zuba. “Sau ukku ina zanawa ina yagewa. Kai ka san huskar wa yas sa ma Maƙeri. Wushiryatai ta, tabon goshinai na. Inna ba ta cewa Maƙeri, cewa taka ɗan nan. Ƙaƙa za ni miƙa mata tarho ta ga dodo ya haɗiye shi? Su zage ni. Su zage ni shekara goma. Jiya da tag ga shina shan hura, dariya tay yi har da tahi, tac ce, kin gani ko, hanyar gida yaka nuna min, ya kusa.”

Ta tsaya tana maida numfashi.

Ta dubi Halidu. Hannuwansa na kan jakar nan har yanzu.

Sai a lokacin Hafsa ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tun shigowarsa. Mutumin da aka ɓata wa aiki fushi yake zuwa da shi. Halidu bai zo da fushi ba. Idanunsa sun kumbura, leɓensa ya bushe, kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tasa ta daɗe tana magana.

“Yaya Halidu.”

“Na'am.”

“Mi ac cikin jakar ga?”

Ya daɗe kafin ya zuge ta. Ya ciro wani babban kaye, littafin zane mai baƙin bango, gefunansa sun lanƙwashe, an ɗaure shi da robar taya. Bai miƙa mata ba. Ya riƙe shi a ƙirji.

“Kin san Isuhu na Karofane? Ɗan gidan mai gyaran rediyo?”

“Ban san shi ba.”

“Ɗaki guda suke da Alƙasim can. Ya dawo kwana goma da sunka wuce. Ya ishe ni kasuwar Buza ina aiki. Sunana na rubuce cikin bangon ga, shi yas sa yan neme ni.”

“Mi yac ce?”

“Hafsa...”

“Mi yac ce!”

“Henti suka yi ma wani bene. Tsani ya goce. Kwana ukku ya yi bai san inda shike ba. Ran na huɗu Allah ya karɓi abinai. Isuhu na cikin waɗanda sunka yi mai wanka. Sun yi mai salla, sun rufe shi can.”

Kaza na tono a gindin rumbu. Can nesa wata mata na daka. Hafsa ta ji duk wannan sarai, har ƙarar taɓarya tana iya ƙirgawa, amma maganar Halidu ta ƙi shiga.

“Ƙarya na,” ta ce a hankali.

“Haka nic ce mai ni ma.”

“Da an kira mu. Da wani ya kira.”

“Tarhon ya hwashe wurin hwaɗuwa, lambobi dut suna ciki. Isuhu bai san kowa naku ba. Bayan sati guda anka kama su, ya yi wata huɗu tsare kahin a sako su bakin iyaka. Bai zo da komi ba sai rigar jikinai da wanga kaye.”

“Ƙarya na.”

“Gaban mutane nic ci kwalatai. Nic ce, kai maƙaryaci na, jiya-jiya munka yi hira da shi. Nig gwada mai saƙon. Yad dube ni awa mahaukaci. Yac ce, malam, ni da hannuna nis sa shi ƙasa.”

Hafsa ta ɗora hannu biyu a ka.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Ba ta yi ihu ba. Kukan na fita mata guntu-guntu. Wata biyar tana jin tsoron wannan magana. Ta sha mafarkinta. Amma duk Juma'ar da ta zana Maƙeri tsaye da ƙafafunsa, ita ma sai ta ɗan yarda. Ba Inna kaɗai take yi wa ƙarya ba.

“Kwana goma,” ta ce da ta samu murya. “Kwana goma kana da labarin ga, ba ka zo ba?”

“Juma'a nika jira.”

“Juma'a?”

Ya warware robar.

“Da nib buɗe, nit tar da ya riga ya zana ƙarshe. Tun kahin mu kai rabi. Bai hwaɗa muna ba, so shikai shi ba mu mamaki. Sai nic ce ma kaina, bari in jira shahin ƙarshe. In abin da yah hito shi na wanga, to Alƙasim na da rai, Isuhu ya ruɗe, wani daban anka rufe. Wa zai iya saka abin da ac cikin kan mutum in ba shi ba?”

Ya share ido da bayan hannu.

“Jiya bayan masallaci mutane dubu shidda na jiran Maƙeri shi mutu don su ji daɗi. Ni ma ina jiran shi mutu. Ina roƙon Allah shi mutu, Hafsa. Na buɗe, nig ga shina shan hura.”

Nan fa kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a gwiwa. Halidu ya juya fuskarsa wajen katanga, kafaɗunsa na motsi. Ba wanda ya ba wani haƙuri, don ba wanda ke da shi.

Sai da ta gaji don kanta sannan ta miƙa hannu.

“Ba ni.”

Ya ba ta.

Kayen na warin fenti da gumi. Ta bi shafukan a hankali. Ga zanen wani tsoho mai shayi. Ga wani titi da ba ta sani ba. Ga Inna zaune tana kaɗi, daga ka ya zana ta, kuma ita ce sak. Can wajen ƙarshe ta iske shafi huɗu da ya rubuta wa “Taron Dangi, 40”.

Kai, jama'a. Alƙasim ya iya zane.

Ga Ɗan Guguwa na Halidu ya riƙe muƙamuƙin dodo na sama, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Ga Tauraruwa ta Mahfuzu ta danne na ƙasa. Ga Maƙeri a tsakiya, tsawa a hannunsa, ya waiwayo sau ɗaya yana murmushi da wushiryar nan. Ƙafafunsa na cikin hayaƙi.

Shafi na gaba, haske ne kawai ya cika takarda.

Na gabansa kuwa ruwa. Ruwa a kan duwatsu, ruwa a fadamu, mata na gudu da tuluna, yara tsirara suna tsalle.

“Ya yi kyau ko?” in ji Halidu, murya a dishe.

“Ya yi kyau.”

“Na gwada ma Mahfuzu da sahe. Ya yi kuka. Yac ce in anka saka wanga, ba mai sake buɗe baki. Za su ce ba a taɓa ƙarshe awa shi ba.”

Hafsa ta ɗago jajayen idanunta.

“Su yi tahi ke nan? Su ce madalla, yanzu hankalinmu ya kwanta?”

“Ban ce a saka ba.”

“Su sun samu mutuwar da suka so. Mu hwa?”

“Hafsa, na ce ban ce a saka ba. Ba don su niz zo ba. Naki na. Ki ƙona in kin so.”

Ta mayar da ido kan kayen, ta juya shafi na huɗu.

Zane guda ne ya cika shi. Ƙofar wani gida, mai asabari. Ɗan Guguwa da Tauraruwa na tsaye a bakinta a jiƙe, sun ɗauko masabar Maƙeri su biyu. Ba a ga ta ciki ba, sai hannunta da ya fara ɗaga asabarin. A saman kan Ɗan Guguwa akwai da'irar nan ta magana, babba, babu komai a ciki.

A gefe, da kireyo, wato fensir, da wannan mummunan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza, ya rubuta:

“Hafsa, na rasa mi za su ce ma uwar. Ke kin hi ni iya magana. Ki cika.”

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ɗora yatsa a kan rubutun.

“Ko can bai bar ba ni aiki ba,” ta ce, tana dariya tana kuka.

Halidu ya miƙe tsaye, ya goge fuska da hularsa.

“Na yi kuskure da nih hwara da ke. Ba haka aka yi ba. Wurin Kawu Yaƙubu ya kamata in tahi, shi ɗauki liman, su zo su zauna da Inna awa yadda aka saba. Amma ina tahe bisa moto ina cewa, ƙila Hafsa ta ce min ta ji muryatai jiya.”

“Tahi yanzu. Kawu na gona, wurin ɗaurin dawa.”

“Ke hwa?”

“Za ni wanke huska. In ta dawo in ce kaina ka ciwo. Kak ka daɗe, Yaya Halidu, ba ni iya riƙe ta ni ɗai.”

“Ɓoye kayen.”

Ta yunƙura za ta tashi.

“Salamu alaikum! Moton wa nika gani ƙohwar gida, awa na ɗana na Buza?”

Dukansu suka daskare.

Inna Tabawa ta shigo da fara'arta, goron barka a ƙulle a bakin zane, kwanon cincin a hannu. Ƴar gajeruwa ce, mai saurin tafiya da saurin magana, ba ta jiran amsa.

“Halidu! Kai na? Marhaba, marhaba. Ka ga abin da abokinka yay yi jiya? Hura hwa! Nic ce ma Hafsa, wanga saƙo na, gida shika nuhi. Ke kuma ko tabarma ba ki ba shi ba, kin bar shi bisa turmi awa baƙon...”

Maganar ta tsaya.

Idonta ya sauka a kan cinyar Hafsa.

Ta aje kwanon a ƙasa. Ta matso, ta sa hannu ta ɗauki kayen. Hafsa ba ta iya hana ta ba. Inna ta juya shi, ta shafa bangon, ta kai shi hanci.

“Wanga ai na ɗan nan na,” ta ce. “Da shi yat tahi. Ni nis sa mai shi cikin jaka. Ko wanka za shi, sai ya aje shi inda shika ganinai.”

Fuskarta ta washe gaba ɗaya.

“Ya iso! Ja'irai, ɓoye min shi kunka yi! Ai na hwaɗa, na hwaɗa!”

“Inna...”

“Ke, kama min jar kazar can! Shina zaure ko? Ni za shi yi ma wasan ɓuya, da girmanai?”

Ta juya da sauri, kayen a ƙirjinta, takalminta ɗaya ya fice ba ta tsaya ɗauka ba. Suna jin ta a zaure. Suna jin ta buɗe ƙofar waje. Suna jin ta tambayi wani mai wucewa.

Halidu ya jingina da ginshiƙin rumfa. Hafsa na tsaye, ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Sai takun ya dawo. A hankali wannan karon.

Inna ta tsaya a bakin zaure. Ta dubi Halidu, ya sunkuyar da kai. Ta dubi Hafsa. Ta daɗe tana kallon idanun nan jajaye.

Alƙasim ɗan fari ne. Tun da Hafsa ta yi wayo ba ta taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ko da wasa, ko da faɗa. Ɗan nan, yaron nan, yayanki, shi ke nan.

Inna ta ƙara matse kayen.

“Hafsa,” ta ce. “Ina Alƙasim?”